Inna Hajara Mai Neman Ragowa

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu na Limancin Kona da sabon ɗinki ya san Inna Hajara ba da mutum take fara gaisawa ba, da kayansa take farawa. Kana durƙushe kana cewa "Ina kwana, Inna," ita kuwa ta riga ta kama gefen rigarka da yatsu biyu, ta murza, ta juya cikin tana duba ɗinkin. Sai ta gama sannan ta ɗago ta ce, "Lafiya lau. Ina ragowar?" Almakashinta kuwa yana nan rataye a wuya, igiya ɗaya da makullin ɗakinta.

Ragowar yadi take nufi, 'yan ƙyallayen da tela ke sharewa ya zubar. Da su take haɗa bargon jarirai. Ta yanka su daidai tafin hannu, ta jera a kan tabarma ta yi ta kallo kamar mai karatu, sannan ta haɗa da allura da zare, ta shimfiɗa tsohon zane mai laushi a ciki, ta rufe bayan da wani. Ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. Amma babu jaririn da aka haifa a danginmu da aka yi sunansa ba a kan bargon Inna ba.

Ni ce Hadiza, ɗiyar ƙanwarta Rabi. Mahaifiyata ta rasu ina da shekara huɗu, Inna ce ta riƙe ni. Ban iya tuna fuskar mahaifiyata, hoto kuma babu. Abu ɗaya na gada da hannunta ya taɓa, wani zane na koriyar atamfa mai 'yan tsuntsaye, wanda Baba ya ba ni ranar da za a kai ni ɗakin miji. Na naɗe shi na kulle a akwati, saboda na san wadda nake zaune da ita a duniya.

Ku da kuka san Malam Garba tela na Ƙofar Kibo, ku tambaye shi. Lokacin bikin Yaya Sani, babban ɗan Inna, shi ya ɗinka mata anko, ya aiko da shi ba ko ƙyalle. Ta yafa mayafi ta tafi shagon da ƙafarta.

"Malam Garba, ina ragowar?"

"Wallahi Inna, babu abin da ya rage. Yadin ma da ƙyar ya isa."

Ba ta yi musu ba. Ta shimfiɗa rigar a teburinsa ta auna da hannu, ta auna zanen, ta auna ɗankwalin. Ta ce, "Turmi guda aka kawo maka. Saura kamu ɗaya da rabi." Ta nemi benci ta zauna. Nan ta yi azahar. Dab da la'asar sai ga 'yar autar Malam Garba ta shigo da gudu, sanye da sabuwar riga fil, atamfar ankonmu. Malam Garba ya rasa inda zai sa idonsa. Inna ta jawo yarinyar, ta juya gefen rigar ta duba, ta ce, "Ɗinkin ya yi kyau, bar mata. In ta yi mata kaɗan ka aiko min."

Ya ɗauka magana ta wuce. Bayan shekara uku ta tsaya a ƙofar shagon ta ce, "Na ga yarinyar jiya, ta yi tsawo." Ya shiga gida ya ɗauko rigar.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da ita shi ne idonta. A gidanmu ba a faɗin ciki, ballantana na fari, sai dai a gani. To amma da zarar Inna ta ce wa mace, "Ba ni tsohon ɗankwalinki," sai kowa ya sunkuyar da kai yana murmushi, don an san za a fara bargo. Maza da yawa a danginmu daga nan suka fara jin labarin gidajensu. Da Rukayya, matar Yaya Sani, ta samu nata, Inna ta karɓi ɗankwali biyu, ta jera ƙyallaye kashi biyu a tabarma. Yaya Sani ya zo ya tsaya a kanta da takardar asibiti a hannu.

"Inna, an yi sikanin fa. Likita ya ce ɗaya ne."

"Likitan ya taɓa ganin yadda take tashi daga tabarma?"

"Inna, wannan na'ura ce."

"To, na'urar ta ɗinka nata guda ɗaya, ni zan ɗinka biyu."

Hassan da Husaini yanzu suna aji uku a sakandare. Yaya Sani bai sake kawo wa uwarsa takarda ba.

Akwai kuma wata Hajiya, matar wani babban ma'aikaci, da ta ga bargon Inna a gidan suna ta kasa haƙuri. Ta zo daga Abuja, mota ta tsaya a bakin lungu don ba ta shiga, ta shigo da leshi turmi uku masu ɗaukar ido, tana son a yi wa jikanta. Inna ta shafa leshin, ta shinshina, ta tura mata abinta.

"Wannan ai bai san kowa ba, Hajiya. Je ki ɗinka, ki je biki da shi, ki je ta'aziyya, miya ta zube masa, sannan ki kawo."

"Haba Inna, kafin nan ai yaron ya girma."

"Sai a yi wa ƙaninsa."

Ni kuwa, duk cikin da na samu, bayan ɗankwali sai ta ƙara da roƙo ɗaya. "Hadiza, ba ni tafin hannu ɗaya daga zanen Rabi." In ce a'a. Sau uku na haihu, sau uku ta tambaya, sau uku na hana. A na ukun har na yi mata rashin kunya, na ce duk Zariya ta yanka ta ƙoshi, wannan ɗaya ta bar min. Ba ta yi fushi ba. Cewa kawai ta yi, "Kaya a akwati ba a ajiye suke ba, jira suke yi."

Wata damina ɗakina ya yi yoyo ta bayan akwatin ban sani ba. Da na zo buɗewa, gara ta shiga ta ƙasa ta gama aikinta. Na ɗaga zanen ya zube a hannuna kamar gari. Ban taɓa kuka irin na ranar ba, ko ranar da Baba ya rasu. Ji na yi uwata ta sake mutuwa, wannan karon kuma da hannuna. Na tafi Limancin Kona ko takalmi ban daidaita ba, na faɗi a gaban Inna na gaya mata.

Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Ina ragowar?"

Na ce, "Inna, yau ma?"

Ta ce, "Je ki kawo min bargunan 'ya'yanki."

Na koma na kwaso su duka uku, sun koɗe, sun sha fitsari da wanki. Ta ɗauki na babbar, ta laluba kusurwar da ake sa kan jariri, ta sa bakin almakashi ta warware ɗinki kaɗan, ta tura yatsa tsakanin sama da ƙasa. Sai ga kore. Ɗan ƙyalle ne bai kai tafin hannu ba, da tsuntsu ɗaya a tsakiya, launinsa sabo kamar jiya aka yanko. Ta buɗe na biyu, ga shi. Na uku ma haka.

Ta ce, "Ni na raka Rabi wajen tela ranar da ta kai atamfar nan. Kina tsammanin na bar masa ragowar?"

Ashe tun rasuwar ƙanwarta, duk bargon da ta ɗinka sai ta ɓoye ƙyallen nan a kusurwar kai. Na tagwayen Yaya Sani yana da shi, na jikokin maƙwabta ma haka. Abin da ya sa take roƙona, nata ya kusa ƙarewa ne, jarirai kuma ba su daina zuwa ba. Shekara da shekaru 'ya'yana suna barci da kansu a kan zanen kakarsu, ni ina can ina gadin akwati.

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki gaya min ba?"

Ta zura zare a allura ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Da kin sani, da su ma bargunan kin kulle su."

Ta rasu bara bayan Babbar Salla, da rana, allura na soke a gefen zanenta. Da aka gama yankan likkafani, wani ɗan farin ƙyalle ya rage a hannun Goggo Asabe, ƙanwar Baba. Ta ɗaga shi tana waige-waige, ta ce, "To, ga ragowar." Sai wata ta fashe da dariya, muka bi ta, dariyar ta koma kuka.

Ni na karɓi farin ƙyallen. A ƙasan kwandonta na tarar da kore na ƙarshe, bai fi girman goro ba, rabin tsuntsu ne ma. Na haɗa su biyu, suna kusurwar bargon da nake koyon ɗinkawa yanzu, ɗinkina duk a karkace. Ɗankwalin Rukayya na karɓa, kuma ban tambayi likita ba.

Allah ya jiƙan Inna Hajara, ya lulluɓe ta da rahama yadda ta lulluɓe 'ya'yanmu. Allah ya haɗa ta da Rabi a inuwa ɗaya, ya sa mu tarar da su. Amin.