Ma'ajun Ɗin Ɗan Gwaggo

Har yau in na ji wani ya ce "ma'ajun", ko da na goge haƙori yake nufi, sai na ji jinina ya hau kai.

Shekarar da kowa a ƙauyenmu ya samu wayar da ke cin zakira, ɗan ƙaramin katin nan da ake zuba waƙoƙi da karatun Alƙur'ani a ciki, yayana da ke aiki a Jidda ya aiko mini da kwali. Kayan kwamfuta ne a wargaje, kowane cikin ledarsa. Ya buga waya ya ce: "Ka haɗa ta, ka buɗe dukkan, ɗan shago naka na kanka, ka riƙa zuba wa mutane abin saurare. Ka daina zaman banza wajen mai shayi."

Baba yana jin haka ya kafa nasa sharaɗi. In na'urar ta tashi, ya sallame ni daga hawasha, gonar audugarmu da ke bakin tur'a, hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. In ba ta tashi ba, to ni da laka har tsufa. Ni kuwa na tsani hawasha tsanar da ban yi wa zazzaɓi ba. Sauron wurin nan in ya cije ka sai ya tsaya ya tambaye ka ko akwai ƙari.

Na taɓa yin 'yan watanni ina leƙen aiki a wani shagon gyara a Wad Madani, don haka na san hanya. Na share rakuba, rumfar tsakar gidanmu, na shimfiɗa zanen Inna a kan angarib, gadonmu na igiya, na kwantar da babban allo kore da ake dasa sauran kayan a kansa. Na ɗaga ɗan hannun ƙarfen da ke gefen wani gurbi a jikin allon. Na ciro burosesa, ƙwaƙwalwar na'urar ke nan, ɗan abu kamar biskit, cikinsa cike da siraran ƙafafu na ruwan zinari, ko numfashi ka yi da ƙarfi sai su lanƙwashe. Akwai 'yar alama a kusurwa guda, ka daidaita ta da ta gurbin, ka sake shi kawai. Ya faɗa da kansa, lif. Na mayar da hannun ƙarfen, ya kulle. Wallahi a lokacin ji na yi ko jirgin sama aka kawo sai na haɗa.

Saura marwaha, wato fankar da ke zaune a kan wani dunƙulen alminiyam mai haƙarƙari, ita ke shanye zafin burosesa. Amma tsakaninsu sai an ɗiga wani maiƙo mai launin toka, ɗan kaɗan kamar ƙwayar dawa, don zafi ya samu hanyar wucewa. Masu gyara suna ce masa ma'ajun. Na zazzage kwalin nan kaf, babu. Yaya ya manta.

Nan ɗan gwaggona ya shigo. Taubashina ne, ƙato, mai tuƙa raksha, babur mai ƙafa uku, tsakaninmu da Sinnar, kuma tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba.

"Bawana, mi kake tonawa a kwali awa ɓera?"

"Kai ne bawa. Za ka Sinnar yau?"

"In ka roƙe ni."

"Ka sayo mini ma'ajun. Na kwamfuta. Ka je wajen masu gyaran kwamfuta, ka ce na burosesa. Maimaita in ji."

"Ya zol, ma'ajun ne ban sani ba? Ni da na girmi haƙoranka?"

Ya tafi. Bai dawo ba sai ga Baba a ƙofa, wai an sako ruwa a tur'a, layinmu ne, in taso yanzu. Na ja wani zane na rufe kayan, na gaya wa Inna ko kaza kada ta bari ta matso. Na yi yini ina buɗe bakin kwalbati da toshe shi, laka har gwiwa, ina gaya wa raina wannan ne na ƙarshe.

Da la'asar na dawo na tarar da taro a rakuba. Gwaggo, Inna, maƙwabta, ga ɗan gwaggo a tsakiya ya harɗe yana shan shayi, marwaha kuma zaune daram a kan burosesa.

"Wa ya taɓa?"

"Ubangidanka ya taimake ka," in ji shi. "Na ga ka sha rana. Na shafa, na ɗora, na danne. Halas, an gama."

Wani wari ya bugi hancina, irin na garejin masu gyaran jikin mota. Na duƙa. Abin ya tsattsafo ta kowane gefe kamar an matse kunun gyaɗa.

"Ina ka samo wanga abu?"

"Wajen abokina samkari, mai gyaran jikin mota. Masu kwamfutar naka sun nuna mini wani ɗan mitsitsi cikin sirinji, ko idon kifi ba zai cika ba. Na ce raini ne. Abokina ya ba ni rabin gwangwani kyauta, har da ɗan jan maganin da ake gaurayawa. Ya ce in ya kama, ko lori ta bi ta kai ba ya saki."

Ma'ajun ɗin cike lotsewar mota. Wanda ake shafa wa motar bokis in ta yi karo, ya bushe a goge da takardar yashi. Shi bawan Allah nan ya lafta wa burosesata, da wuƙar yankan albasa.

Na yi ihu har jakin maƙwabta ya amsa. "Na ce maka na kwamfuta! Na ce ka maimaita!"

"To ba ma'ajun ba ne? Da Larabci ma'ajun, da Hausa ma'ajun. Laifina ne sun ba abu goma suna guda?"

Gwaggo ta ce, "Kunna mana mu gani, ɗana. Kila ma ya fi ƙarko."

Don in huce takaici na jona sauran wayoyin, na sa wayar marwaha a gurbinta, na danna. Fanka ta juya, rubutu ya fito a gilashi, mata sunka fara guɗa. Guɗar ba ta kai ƙarshe ba na'urar ta yi ɗif. Na sake kunnawa, ta sake mutuwa, wannan karon ma da sauri. Zafi ya rasa hanyar fita, an gina masa katanga.

Dole a cire. Na ɓalle maƙallan marwaha, na ɗan murɗa hagu, na murɗa dama. Ko motsi. Hannun ƙarfen da zai saki burosesa kuma yana ƙarƙashin dunƙulen, ba ya ɗaguwa. Ina cikin lallaɓawa, ina neman dabara, sai ƙaton nan ya ture ni.

"Matsa, hannunka na 'yan makaranta ne."

Kafin in ce kada, ya fizga. Na ji ƙaras. Marwaha ta taso da burosesa manne a gindinta, ƙafafun nan na zinari sun kwanta kamar gonar da shanu sunka kwana a ciki, wasu kuma sun tsaya can cikin gurbin.

Na rarumi muciyar Inna. Wallahi da an bar ni da yau raksha ba ta da direba. Baba, da shigowarsa ke nan, ya riƙe mini hannu.

"Kai! Taubashinka za ka buga? A gidan nan?"

"Baba, ya kashe ni!"

"Wasa ne tsakaninku. Ba a fushi da taubashi, ka sani."

Abin da ya fi ƙona ni ke nan. Da bare ne, da an tara dattawa an sa shi ya nemo wata burosesar. Amma ɗan gwaggo ko gidanka ya rushe, sai a ce ku yi dariya. Kuma sun yi. Gwaggo har da share hawaye da bakin tobe, mayafinta. Shi kuwa ya ɗaga abin sama yana juyawa, ya ce, "Amma fa ku faɗi gaskiya, ya kama."

Washegari na zauna da allurar ɗinki ina tayar da ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Wanda na miƙar, na kusa da shi ya karye. Na kai Wad Madani, mai shagon da na yi wa aiki ya duba, ya kira maƙwabtansa su zo su ga abin da ba su taɓa gani ba. Ya ce burosesa ta tafi, gurbin allon ma ya tafi. Na buga wa Yaya, ya saurara har ƙarshe, ya ce shi ba rijiyar fetur gare shi ba, ya kashe.

Baba bai yi mini gori ba. Da asuba ya ƙwanƙwasa ƙofata kawai, na tashi na bi shi. Audugar shekarar nan da ta bayanta duk da hannuna anka tsince su.

Dunƙulen alminiyam ɗin yana nan gidanmu, da burosesa manne a gindinsa, ba wanda ya iya raba su. Inna ta cire fankar ta ba jikoki, shi kuma tana ɗora jabana, butar gahawarta, a kai in ta sauke daga garwashi. Ta ce bai taɓa ƙona mata tabarma ba.