Tukunyar da Na Kife a Kan Bututun Hayaƙin Inna

Ko zan manta hanyar gidanmu, ba zan manta ranar da na kusa rufe wa Inna ɗakin girkinta da hannuna ba, kuma da kyakkyawar niyya.

Lokacin ina ƴar shekara sha huɗu, Nasara na mulki. Inna, mahaifiyata, ita ke dafa wa direbobin kamiyo, manyan motocin kaya masu ƙetare hamada, abinci, a wani ɗakin ƙasa kusa da masaukinsu a nan Agadas. Da girkin nan muke ci mu shida. Hayaƙi ya mai da ɗakin baƙi ƙirin, in ka jingina da bango sai an tambaye ka ɗan gidan wane ne kai. Ana nan gobara ta cinye wani ɗakin girki a gari, kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ya ce duk mai dafa wa baƙi sai ya rataya rumfar ƙarfe bisa murhu, da bututu mai fitar da hayaƙi ta rufi, sannan a zo a duba a buga hatimi. Wanda ya faɗi dubawa uku, a rufe masa ɗaki. Malafar murhu muke ce wa abin.

Kawu, yayan Inna, maƙeri ne. Ya fasa tsohon tano, wato gangar ƙarfe ta man kamiyo, ya yi kwana huɗu yana buga shi har kunnuwan unguwa suka mutu. Sai mai dubawa ya zo, wani dogon ma'aikacin lokotoro, wato na asibiti, mutumin kudu, da littafi a hammata da sandar awo. Mushe muke ce masa, wato Monsieur na Faransanci a bakinmu. Ya ɗaga kai sau ɗaya.

"Madame, bututu ya taɓa azara. Ƙarfe zai yi zafi, ice zai kama. Refusé, ban yarda ba."

Aka faɗaɗa ramin, aka kewaye bututu da laka. Mako guda Inna na girki a tsakar gida cikin rana, ni ina jigilar tukwane har na rantse wuyana ya ragu da taƙi ɗaya.

Zuwa na biyu, Mushe ya ɗauki garwashi da awartakin Kawu ya ɗora a mahaɗin ƙarfen. Dalmar da aka liƙe da ita ta zubo kamar hawaye.

"Shekara talatin ina liƙe butoci da dalma, ba wadda ta taɓa kawo ƙara," in ji Kawu.

"Buta ruwa take sha, Baba. Wannan wuta za ta sha. A sa ƙusa."

Inna ta zauna kan turmi ta zuba wa ƙafafunta ido. Sai da na girma na gane wannan zama, zaman wanda ya gaji har faɗa ya fi ƙarfinsa. Direbobi sun fara leƙa wani gida. Dubawa ɗaya ta rage mana.

Ranar dubawa ta uku da safe na hau soro kwashe shanyar kuɓewa, sai na hango hadari ya haɗo daga gabas. To mu a gidanmu akwai dokar da ta girmi ta kumandan, dokar Kaka: gidan ƙasa ba ya shiga damina da rami a ka. Ko ramin da tururuwa za ta shiga a karkace, toshe shi ake yi. Ga kuwa bututu ya hangame baki sama, daidai kan tukunyar miya. Na ce ashe manyan nan duka ba mai hankali sai ni. Na ɗauko tsohuwar tukunya na kife a kai, na kwaɓa laka na liƙe gefen tsaf, har da shafawa da tafin hannu. Na sauko ban gaya wa kowa ba, ina jiran yabo ya same ni ba shiri.

Da hantsi Mushe ya zo. Ya auna, ya ƙwanƙwasa ƙusoshi, ya gyaɗa kai. Ya ce saura gwajin hayaƙi: a rufe ƙofa, a zuba ɗanyar ciyawa a wuta.

Jama'a, na ga hayaƙi a rayuwata, amma wannan da za a yanka shi da wuƙa a sayar. Ya hau malafa, ya gaisa da tukunyata, ya dawo da rundunarsa. Kawu ya fara tari kamar raƙumi mai mura. Mushe ya lalubi ƙofa ya kama hancin Kawu. Muka fito a guje, kowa na zubar da hawaye.

Mushe ya buɗe littafi. Inna ta ce, a hankali, "Mushe, rubuta kawai. Na gaji."

Wannan maganar ce ta kashe mini dariya. Na ce, "Inna, ni ce."

"Ke ce me?"

"Na rufe shi. Saboda ruwa."

Na shirya wa muciya. Amma Inna ta dube ni kurum ta ce, "Ƴar nan, ko ƙarfin dukanki ba ni da shi."

Mushe ya naɗe ƙafar wando ya hau soro, ni a gaba. Ya daɗe yana kallon aikina.

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa. In aka yi ruwa, a miya zai sauka. Kai za ka sha?"

Ya dubi hadarin, ya dubi littafinsa, ya juya shafi, ya sake juyawa. Sai ya yi tsaki. Ashe a takardar akwai hular bututu, ƴar rumfa mai ƙafafu wadda ke tare ruwa ta bar hayaƙi ya fita ta gefe. Duk ɗakunan da ya duba a gari, bai taɓa faɗa wa kowa zancen hular ba, don a ransa Agadas ba a ruwa.

"Yau ban zo ba," in ji shi. "Da la'asar zan zo."

Kawu ya koma maƙera yana gunaguni, ya yanko murfin tanon ya yi hula mai ƙafa uku. Ni aka sa na ɓamɓare lakata da farce. Da la'asar ruwa ya sauko, hayaƙi na fita ta ƙarƙashin hula, miya ba ta sha ɗigo ba. Mushe ya hura wa hatimi iska ya buga. Inna ta karɓi takardar ta soke a gefen zane, ta ce in je in wanke tukwane.

Har yau in na ga an bar rami a buɗe, hannuna kan yi ƙaiƙayi. Sai dai tun ranar na koyi in tambayi abin da ke fita ta cikinsa kafin in kwaɓa laka.