Littafin da Inna ta ɗinke ta dama

Shekarun baya, lokacin ina aji na biyu a kwaleji nan Madarumfa, ba ni da wata dukiya da ta wuce ɗan katin kwali mai sunana, wanda nake aron littafi da shi a ɗakin karatu na garinmu. Gidanmu babu littafi sai Alƙur'anin mahaifina. Idan na rasa katin nan, na rasa karatun labari ke nan, don ba wanda zai kai ni Maraɗi saboda tatsuniya.

Mai kula da ɗakin wani dattijo ne, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Yana da kirki, amma ba ya wasa da littafi. Dokarsa ɗaya ce: wanda ya ɓata littafi ya ajiye katinsa ya kama hanya. A gabana ya karɓe na ƙawata saboda ɗigon mai a shafi guda.

Ni kuwa Allah Ya yi ni da mugun riƙo. Sai in naɗe littafi biyu in riƙe da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana tuƙa tuwo ko yana ban ruwa a garkarmu ta bakin tabki. Tuwo ya sha ƙonewa a hannuna, ni ma na sha faɗa.

Wata Laraba na aro wani littafin labari na Faransanci, mai kauri, wanda zafi ya riga ya busar da danƙon da ya riƙe shi. Kwana uku ina lanƙwasa shi yadda na saba. Ranar Asabar da hantsi ina buɗe shi sai na ji ɓaras, ganyayen suka rabu da bango gaba ɗaya, bangon ma ya rabe biyu.

Mahaifiyata ta tarar da ni bayan rumbu ina kuka.

"Ke, mi ya hwaru? Wa ya mutu?"

"Inna, littahin gwamnati ne ya ɓalle. Mushe amshe mini kati zai yi."

Ta dubi tarin takardun da ke cinyata. "Don wannan kike kuka? Tashi ki tahi garka, ki bar mini shi."

Inna ba ta taɓa shiga aji ba. Amma ta ɗauki ganyayen a jere, da hannu biyu, yadda take ɗaukar na Alƙur'anin mahaifina idan za ta share ɗaki.

Da la'asar na dawo na tarar ta gama. Ta huda shi da basilla, ta ɗinke da zaren buhu, ta rufe ɗinkin da ƙyallen tsohon zanenta. Na karɓa da murna, na je buɗewa, ya ƙi buɗuwa. Sai da na duba da kyau na gane: ta gefen dama ta ɗinke shi.

"Na ga tun hwarko ta baya suka haɗa shi," in ji ta, tana murmushi. "Shi ya sa bai riƙe ba. Ina aka taɓa buɗa karatu ta can? Na gyara musu."

Na buɗe baki zan ce ta ƙarasa ni, sai idona ya sauka kan babban yatsanta, basilla ta soke shi har wuri uku. Ga hatsin dare can a turmi ko surfe ba ta yi ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Na gode, Inna."

Ranar Litinin na ajiye littafin gaban Mushe, na ajiye katina a gefensa don in rage masa aiki. Ya juya littafin, ya sake juyawa, ya gyara tabarau.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya buɗe ta dama, ya bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Sannan ya kama ganye guda ya girgiza littafin duka. Ko motsi ɗinkin bai yi ba.

"Ta iya karatu?"

"A'a, Mushe."

"Amma ko shahi guda ba ta sauya wa wuri ba." Ya rufe littafin. "Ke kika ɓata, ɗiyata, ke ya kamata in kora. To in na kore ki, wahalarta ta tahi banza."

Ya ɗauki biro ya rubuta a bango cewa a fara ta dama, ya turo mini katina. "Ki gaishe ta. In na sake ganin kin naɗe littahi kamar tabarma, ko limamin gari ya ɗinka shi ba ki tsira."

Tun daga ranar, da hannu biyu nake riƙe littafi. Abin da har yau yake sosa mini rai shi ne yadda na kusa kunyata ta, don kawai na san 'yan haruffan da ba ta sani ba. Ba ta san abin da ke cikin littafin ba, ta dai ga ɗiyarta na son sa, sai ta ba shi yininta.

Ban taɓa gaya mata gaskiyar ɗinkin ba. Har ta rasu tana ba maƙwabta labarin ranar da ta gyara wa Turawa kuskurensu. Duk lokacin da ta kai ƙarshe sai ta waiwayo ta ce, "Ko ba haka aka yi ba?"

Ni kuma in ce, "Haka aka yi, Inna."