Aikina ya kori Baba Habu

Jama'a, yau na raba tsoho da aikinsa ban sani ba!

Ordinatar buronmu, wato kwamfutar ofis, kullum sai ta maƙale in bayanan rigakafin dabbobi suka yi mata yawa. Wata biyu ina fama. Na samo tsarin da ke ajiye bayanan a disk maimakon ya cika mata kai, yana haɗa jimla da zarar saƙo ya shigo.

Da safe diraktan proje ya tara kowa a gwada. Saƙon garin Kornaka ya shigo, na Bader Goula ya biyo, jimla ta fito nan take! Aka yi tafi.

Sai diraktan ya juya wajen Baba Habu, wanda ke haɗa jimlar nan da hannu tun ina ɗan makarantar lakwal.

"Baba, kwana nawa wannan ke ɗaukar ka?"

"Sati guda, ranka ya daɗe."

"To daga gobe ka huta gida. Ajiye bik ɗin rubutun nan, na proje ne."

Wallahi har da masu dariya!

Baba ya ajiye, ya ɗauki butarsa. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗata.

"Sannu ɗana. Ranar da na roƙa aka ɗauke ka, na ce musu ka iya aiki."