Kaza Mai Ƙafa Huɗu

Shekara ashirin da bakwai maigadin makarantar bai taɓa buɗe ƙofa da safe bai tarar da ita tsaye ba, jaka a kafaɗa, tsumma a hannu. Tana shiga ajin 'yan shekara huɗu sai ta durƙusa, ta zagaye ɗakin da rarrafe. A nan take ganin abin da mai tsayi ba ya gani: ƙusar da ta leƙo daga benci, maɓallin da wani zai iya haɗiyewa, layin tururuwa da zai ɗauke hankalin aji guda. Mai shara ta ce duk zannuwan Malama daga gwiwa suke fara mutuwa. Abin lura ne, don tufafin kowa yana tsufa ne daga inda yake aiki.

Jiya ta ajiye aiki. Amma da ta fara, ko ita ba ta yarda malama ce ba. Yayanta, malamin lissafi a babbar makaranta, shi ya sa mata suna Uwar Majina.

"Takardar shaida kika karɓo don ki ɗaure wa 'ya'yan mutane wando?" in ji shi. "Raino ne wannan, ƙanwata. Ki kira shi da sunansa."

Sai ta yi dariya, ta shiga ɗaki ta share hawaye. In an tambaye ta aikinta takan ce, "Ina ɗan taimakawa ne a makaranta."

A shekara ta huɗu aka kawo mata autar yayan nan nata. Tun rasuwar uwarta yarinyar ta daina magana. Ranar farko ta shige ƙarƙashin teburin malama ta zauna, ta ƙi fitowa. Bayan wata guda shugaban makaranta ya ce in Juma'a ta yi ba ta buɗe baki ba a mayar da ita gida, don nan ba asibiti ba ne.

Malama ba ta ja ta ba, ba ta lallashe ta ba. Lokacin hutu sai ta ɗauki alli, ta sunkuya, ta shiga ƙarƙashin teburin ita ma. Ta kwanta rigingine tana zane a cikin katakon teburin. Litinin ta zana gida. Talata bishiya. Yarinya na kallo da gefen ido. Laraba ta zana kaza, ta yi mata ƙafa huɗu, ta koma gefe tana yaba aikinta.

"Kai, wannan kaza ta yi kyau."

Yarinya ta kawar da kai. Ranar Alhamis Malama ta ƙara wa ƙafafun farata. Sai aka ji wata 'yar murya a dishe, cike da fushi.

"Gwaggo, ba haka ba ne. Biyu ne."

"Biyu? Wa ya faɗa miki?"

"Ta Mama biyu ne."

Daga nan ta fashe da kukan da ta riƙe wata bakwai. Yau wannan yarinya uwar 'ya'ya uku ce, kuma mijinta ya ce sai an roƙe ta take yin shiru.

Tun ranar Malama ta daina cewa taimakawa take. Ta fara rubuta abin da take lura da shi game da kowane yaro, ta koma karo ilimi, ta koya wa sababbin malamai su durƙusa kafin su yi magana. Sau biyu aka ba ta aji shida, ta ce a bar ta inda ake fara mutum. Yayan dai ya gode, har da kyautar turmin zane, amma sunan nan bai bar bakinsa ba.

Malama, ke ce kika san yaro ba ya haƙuri da kuskuren babba, kika mai da wannan mabuɗi. Ke ce mai gwiwar ƙarfe. Akwai masu sa hannu a manyan takardu yau waɗanda ke kika fara buɗe musu yatsu kika sa alli.

Wajen taron sallama, da aka zo fitar da tsohon teburin, sai kafinta ya kifa shi. Cikinsa cike da zanen yara iri-iri, jirage da rana da mutane marasa wuya. A tsakiya ga kazar nan, an bi ta da fenti don kada ta goge. Yayan, da furfurarsa da sandarsa, ya durƙusa da ƙyar. Ya daɗe yana ƙirga ƙafafun. Da ya zo tashi gwiwa ta ƙi. Ya miƙa hannu gaban kowa.

"Malama, taimaka mini."

Ta kama shi ta ɗaga, yadda ta saba.

Mun gode, Malama. Allah ya hutar da gwiwoyin nan, ya saka da alheri. Ku kuma da kuka gaji ajin, in aka tambaye ku aikinku, ku faɗe shi da ƙarfi. Sannan ku durƙusa.