Muryar Yaya a Cikin Buhun Shinkafa

Tun ina yaro abu biyu nake tsoro, kada da takarda. Kada na daɗe ban gan shi a kogin Haɗeja ba. Takarda kuwa aji uku na yi a firamare muka rabu lafiya, ɗan rubutun nan ma da furfurata na tsinto shi a ajin yaƙi da jahilci. Na ɗauka na gama da tsoro ke nan, sai ga 'yata ta ajiye mini kwamfuta a ɗaki.

Yayana, wanda nake bi, masunci ne kamar ni, amma shi Allah ya ƙara masa da gurmi. In an fita su wajen Baturiya, sai ya zauna a gaɓa yana kaɗawa, yana wasa jarumai, yana zambo ga ragwaye. Rabin zambon a kaina yake. Shekara guda kafin ya rasu, 'yar tawa, wadda take koyarwa a Dutse, ta zaunar da shi a tsakar gida ta ɗauki waƙoƙinsa da wayarta, ta juye su a kwamfuta. Wayar ta faɗa ruwa daga kwalekwale shekarar da ambaliya ta raba mu da titi. Saboda haka duk duniya babu inda muryar Yaya ta rage sai cikin wannan baƙin faranti mai murfi.

Da za ta koma aiki ta nuna mini maɓalli biyu.

"Baba, ka danna wannan, sai wannan. Don Allah kada ka taɓa komai bayan su. In na dawo hutu zan kwafe wa kowa waƙoƙin Baffa."

Na ce to. Kwana biyu ina zagaye ta kamar macijin da aka ce ya mutu amma ba a tabbatar ba. Ran na uku na yi bisimilla na danna. Yaya ya fito, amma kamar sauro a cikin kwano. Tsirkiyar gurmin nan mai kauri, wadda take dukan ƙirji, babu ita sam. Ga kunnena na hagu injin ban ruwa ya daɗe da cinye shi. Sai bakina ya ja mini. Na tarar da matar Yaya tana shanya kuɓewa, na ce mata ranar Juma'a bayan an sauko ta zo da 'ya'yanta, za ta ji mijinta kamar yana zaune a ɗakin. Ta ce Allah ya kai mu.

Ranar Talata na shiga kasuwa, shagon wani magidanci mai tabarau da yake sayar da kayan wuta yana kuma gyara. Na nuna masa wata sifika da ta kai ni ƙugu.

"Baba, masallaci za ka buɗe?"

"Yayana zan saurara."

Ya ce ta tebur nake buƙata, 'yan biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Akwai masu shan wuta daga jikin kwamfuta, su ba su da ƙarfi. Akwai masu wutar kansu, waɗanda ake sa wa a bango, su ne za su fito mini da gurmi. Ya kunna mini kala uku. Ni kuwa yadda nake zaɓen tarwaɗa haka na zaɓa: na ɗaga kowacce na ji nauyinta, na ƙwanƙwasa cikinta. Na sa ya saka kiɗa mai ganga, na ɗora tafin hannu a kan tebur, wadda ta girgiza mini hannu na ce ita ce. Ya ce ashe tsohon ya san kaya. Wannan yabon shi ya ƙarasa ni.

Ya yi mini bayani dalla-dalla. A sa su gefe da gefen kwamfuta, daidai kunne, kada a manna su da bango, mai abin murɗawa a dama. Waya siririya ta shiga ɗan ramin da ke gefen kwamfuta, mai babban kai ta shiga soket. Ya ce in na jira bayan la'asar zai zo ya haɗa mini. Na ce ni da na shekara ashirin ina kwance injin ban ruwa ina mayarwa, waya biyu ce za ta gagare ni?

A gida na jera su kamar kayan amarya. Na kifa kwanuka biyu na ɗora su don su kai kunne. Na cusa siririyar waya a raminta, ta shiga lafiya. Na kunna Yaya yana ta ƙananan kukansa na sauro, na ɗauko mai babban kai. Baƙi ne, mai nauyi, kamar ɗan kunkuru, da ƙafafu biyu masu faɗi. Na kai shi soket ya ƙi shiga. Na juya shi ya ƙi.

To, a gidana babu abin wuta mai kai. Fanka ba ta da filogi, dutsen guga ba shi da shi, rediyo ma haka. Duk unguwarmu haka muke yi: in kai ya ƙi shiga sai a yanke shi, a feɗe waya da haƙori, a cusa a ramin soket, a tokare da tsinken ashana. Ban taɓa ganin wanda abin ya ba kunya ba. Na zaro wuƙata ta gyaran koma.

Uwargida tana bakin ƙofa tana tsince wake.

"Malam, wannan kan bai yi kama da na fanka ba fa."

"Kai dai kai ne. Ƙaton banza suka yi masa don su cika kwali."

"Ka jira mai shagon mana."

Na yanke. Na feɗe, na cusa, na tokare da ashana biyu, na danna makunni.

Abin da na fara gani shuɗin haske ne. Sai ƙara kamar an fasa gora da tabarya, sai hayaƙi daga bayan sifikar dama, da wari irin na ƙahon da aka babbaka. Yaya yana tsakiyar kalma ya yi shiru. Fuskar kwamfuta ta yi baƙi ƙirin.

Na fizge wayar. Na danna maɓallin farko, na danna na biyu, na danna duk waɗanda aka hana ni. Babu ko ƙyaftawa. Na juya ina jiran uwargida ta fara, don faɗanta ya kan kwantar mini da hankali. Maimakon haka sai ta ajiye farantin wake a hankali ta zauna a dokin ƙofa. A nan na san na yi babbar ɓarna.

Na taɓa jin ana cewa in waya ta lalace a binne ta a shinkafa. Shinkafa kuwa ita ce abin da ban rasa ba. Na kwance buhun shanshera, wadda ba a casa ba, na tura kwamfutar har tsakiya, na ɗaure.

"Wuta ce ta ci ta, Malam, ba ruwa ba," in ji uwargida.

"Shinkafa ba ta tambaya."

Laraba na kasa cin tuwo. Na tafi fadama wai in duba ruwa, na zauna a kan kunya ina ƙoƙarin rera waƙoƙin Yaya a zuci, ko da za a ce in maido su. Ba abin da ya zo sai baitocin da yake zagina, su ma da muryata suke zuwa, ba tasa ba. Na rufe ido in jiyo yadda yake jan numfashi kafin ya ɗauki amshi, na kasa. Mun binne shi da hannunmu na yi haƙuri, don na san da sauransa a wani wuri. Yanzu wannan sauran na sa wa wuƙa. 'Yata ta kira sau biyu. Na ɗauka na yi ta cewa ba na ji, ba na ji, alhali har numfashinta ina ji.

Da yamma matar Yaya ta leƙo.

"Ƙanin miji, Juma'ar tana nan ko? Na aika Jahun, babbar 'yata ma za ta zo da yaranta. Ba su taɓa jin kakansu ba."

"Tana nan daram," na ce.

Alhamis da hantsi uwargida ta kwance buhun da kanta, ta tono kwamfutar, ta naɗe ta a zane, ta haɗa da yankakken kan.

"Ko ka kai, ko in kai in faɗi yadda aka yi."

Na kai. Mai tabarau ya ɗauki kan ya juya shi, ya dubi bakin yankan.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

"Ɓera."

"Ɓeran unguwarku da wuƙa yake yawo?"

Ya ce wannan ƙaton kan shi ne yake rage wuta kafin ta isa sifika, kamar yadda muke tare ruwa mu sake shi kaɗan-kaɗan cikin fangali. Ni na fasa bakin kogi gaba ɗaya na sakar wa fangali guda. Da wutar ta gama da sifika sai ta bi siririyar waya ta shiga kwamfuta. Ya kwance ƙusoshi ya buɗe cikinta, ƙaiƙayi ya zubo masa a cinya. Ya dube ni ta saman tabarau, ya fasa tambaya. Ya sunsuna, ya girgiza kai.

"Wannan ta tafi."

Na dafa tebur. Na ce masa ba kwamfutar ce damuwata ba, yayana ne a ciki, kuma babu shi a ko'ina. Sai ya daina murmushi. Ya ce ba a wurin da ya ƙone waƙa take zama ba. Ya zaro wani ɗan abu mai faɗin tafin hannu, ya ce a nan komai yake ajiye, amma ba zai yi mini alkawari ba, wuta ba ta da hanya ɗaya.

Ya haɗa shi da tasa kwamfutar. Shiru. Ya cire, ya hure bakin, ya mayar. Shiru. Duk addu'ar da na sani na karanta, har ta shiga kasuwa da ta hawa kwalekwale. Ya canza waya ya sake gwadawa, muka zuba wa gilashin ido. Can sai wasu rubuce-rubuce suka jeru.

"Wacce zan danna?"

"Ko wacce. Ni ba karanta irinsu nake yi ba."

Sifikun da ke tebur ɗinsa irin nawa ne da na kashe. Aka fara da kukan zakaran gidanmu. Sai tari, irin tarin Yaya na mai shan goro. Sai tsirkiya mai kauri ta buga, na ji ta a ƙashin ƙirji. Ya ja numfashin nan da na nema a fadama na rasa, ya ɗauki waƙar da yake cewa ƙaninsa ya shiga su da gora ya fito da kwaɗo. Na zame na zauna a ƙasan shago cikin ƙaiƙayi. Masu wucewa suka tsaya suna dariyar waƙar, ba su san mai kwaɗon ne zaune a gabansu ba.

Ban tashi ba sai da ya juye waƙoƙin a memori uku, irin ɗan katin nan da ake sa wa a waya. Sababbin sifiku kuwa shi ya zo ya haɗa su da wayar uwargida, ya sa wa babban kan ɗan mahaɗin da ya dace da soket ɗina, ni ina tsaye nesa, hannu a baya. Juma'a matar Yaya ta zo da zuri'arta, ta saurara fuska a rufe da mayafi, ta tafi da memori ɗaya a bakin zane.

Saura 'yata. Asabar na zauna a zaure na kira ta, na faɗa mata komai, har ɓeran. Abin da ta fara tambaya shi ne:

"Baffa fa?"

"Yana nan. Wuri uku ma."

Na ji ta sauke numfashi.

"To alhamdu lillahi. Maganar kwamfuta kuma, Baba, ba ta waya ba ce. Sai na zo."

Hutun nasu saura sati biyar. Na tambayi uwargida ko za ta tsaya mini ranar, ta ce ita wake za ta tsince.