Dattijo da Hoton Akwalarsa

A wurin wankin mota nake kallonsa, dattijo mai furfura, tabarau a karan hanci, waya biyu a hannu. Ɗaya na nuna hoton wata dalleliyar mota, fitilunta jajur kamar garwashi. Ɗayar kuwa na nuna hoton tsohuwar motarsa, yana so ya koma kamar na farkon. Yana rage haske, yana ƙara ja, yana tsaki.

"Baba, dubi ƙasan hoton dalleliyar," in ji mai wankin. "Ai ƙasar a jiƙe take, shi ya sa yake sheƙi."

Dattijon ya sheƙa ruwa a gaban motarsa, ya durƙusa, ya sake ɗaukar hoto. Sai dariya har da tafi.

Da alama ya sha gori a gida, don cewa yake, "Bari uwar yara ta gani, in ta isa ta sake cewa akwala!"